Alice: sunan Jamusawa da ya samu gida a Jos

Da wuya ka zaga Tudun Wada, Jenta ko Bukuru ba ka ji ana kiran wata Mama Alice ba. Mutane da yawa sun ɗauka daga Littafi Mai Tsarki sunan ya fito, kamar Saratu, Rifkatu da Hannatu. Ba ya ciki ko sau ɗaya, kuma asalinsa ba na Ingilishi ba ne.

Tushensa tsohon Jamusanci ne, Adalheidis. "Adal" na nufin asali da daraja, "heid" kuwa iri ko hali. Wato 'yar asali, 'yar babban gida. Wadda ta ɗaukaka shi tun farko ita ce Adelaide, matar Sarki Otto na Ɗaya, wadda ta rasu a 999, daga baya Cocin Katolika ya sa ta cikin tsarkaka. A bakin Faransawa sunan ya yi ta gajarcewa har ya koma Alis, kamar yadda Bahaushe ya mai da A'ishatu Shatu. Mutanen Nomandi ne suka ƙetara da shi Ingila bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Heidi da Alison duk reshen wannan suna ne.

An yi zamani an rage sa shi a Ingila, sai ya sake tashe a ƙarni na 19. Sarauniya Biktoriya ta raɗa wa 'yarta Alice a 1843, sannan a 1865 Lewis Carroll ya fitar da littafinsa na yarinya Alice, wanda yaran Ingila suka yi rububinsa. Wannan lokaci yana da muhimmanci a wurinmu, domin a cikinsa aka haifi Turawan da suka fara hawowa tsaunukanmu.

A 1904 Karl Kumm, shi ma Bajamushe, ya iso Wase da tawagar farko ta mishan ɗin SUM, wanda daga aikinsa aka samu cocin COCIN mai hedikwata a Jos. Limaman Katolika suka sauka Shendam a 1907, ga kuma Turawan haƙar kuza da iyalansu. Yarinya idan za a yi mata baftisma ko ta shiga makarantar mishan, sau da yawa takan ɗauki sunan malamarta ko na nas ɗin da ta yi jinyar uwarta a asibiti irin na Vom. A ganina wannan ne ya sa sunan ya kama ƙasa: mutane sun san mai shi ido da ido, sun ga aikinta, suka yi mata takwara.

Yau an fi jin sa a tsakanin iyaye da kakanni. Matasa sun karkata ga Blessing da Favour, wasu ga Alheri da Godiya, wasu kuma sun koma sunayen gida. Da ma yawancin masu sunan Alice sunaye biyu suke riƙewa: a katin baftisma da takardar makaranta Alice, a ƙauye kuwa dangi ba su san ta da wani suna ba sai Chundung ko Kaneng.