Ranar Da Jiragen Ruwa Suka Taru Ɗauke Da Sunayen Matattu

Ran Asabar, 14 ga watan Satumba na shekarar 2002, mutanen da suka tsaya a bakin gaɓar birnin Niyok na ƙasar Amurka sun ga abin da ba su saba gani ba. Ɗaruruwan jiragen ruwa masu filafilai, watau irin waɗanda iska ke turawa, manya da ƙanana, suka cika bakin tekun da ke gaban birnin. Ba tsere ya kawo su ba, ba a kuwa ajiye wa kowa kofi ba. Jiragen suna ɗauke da tutoci, kowace tuta kuwa an rubuta mata sunan mutum guda daga cikin waɗanda suka rasu a harin da 'yan ta'adda suka kai wa ƙasar ran 11 ga Satumba, 2001, shekara guda ke nan da kwana uku.

An sa wa taron suna Sail for America, watau a kafa filafilai domin Amurka. Wanda ya ja ragamarsa shi ne Michael Fortenbaugh, shugaban wata ƙungiyar masu jiragen filafilai ta tsibirin Manhatan. A lokacin, ƙungiyarsa tana ɗaure jiragenta ne a wata 'yar tasha da ake kira North Cove, wadda ba ta da nisa ko kaɗan da inda dogayen benayen nan biyu na Cibiyar Ciniki ta Duniya suke a da. Ƙurar faɗuwarsu a kan wannan tasha ta sauka.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa matuƙin jirgin ruwa da harin da aka kai da jirgin sama? Kafin mu amsa, sai mun ɗan koma baya.

Kamar yadda yawancinmu muka sani, a safiyar wannan Talata mutum 19 na ƙungiyar Alƙa'ida suka ƙwace jiragen sama huɗu na fasinja. Na fari ya daki benen arewa da ƙarfe 8:46, na biyu ya daki na kudu da ƙarfe 9:03. Benen kudu ya rushe da ƙarfe 9:59, na arewa ya bi shi da ƙarfe 10:28. Jirgi na uku ya faɗa wa ma'aikatar tsaro ta Pentagon, na huɗu kuma ya faɗi a wani fili a jihar Pennsylvania bayan fasinjoji sun yi ta maza. Rayuka 2,977 suka salwanta, ban da maharan, 2,753 daga cikinsu a Niyok.

To, abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, Manhatan tsibiri ne. Tsawonsa wajen mil 13 ne, faɗinsa kuwa bai kai mil 3 ba, ruwa ya kewaye shi ta kowace fuska. Kullum da safe ɗimbin ma'aikata ke shigowa ta gadoji, da hanyoyin da aka haƙa ƙarƙashin kogi, da jiragen ƙasa, da yamma su koma gida. Ran nan hukuma ta rufe gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ruwa ga motoci, jiragen ƙasa suka tsaya. Tashar jirgin ƙasan da ke kai mutane jihar New Jersey ma ƙarƙashin benayen take, ta tafi tare da su. Waɗansu sun bi gada da ƙafa zuwa Brooklyn, waɗansu suka miƙa arewa. Amma dubban da hayaƙi da ƙura suka kora kudu sai suka yi ta gudu har ƙasa ta ƙare musu. Gaba ruwa, baya wuta. Suka yi cirko-cirko a bakin katangar gaɓa, fari fat da toka, har akwai waɗanda tsoro ya sa suka faɗa cikin kogin.

Tun kafin kowa ya ba da umarni, masu jiragen fito, waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne ƙetarar da ma'aikata, sun riga sun fara kwasar mutane. Da jama'a suka yi yawa, sai wani hafsa na rundunar tsaron gaɓar teku, Laftanar Michael Day, ya yi kira ta rediyon matuƙa cewa duk wani jirgin da ke da hali ya zo ya taimaka. Waɗanda suka ga abin da ya biyo baya sun ce ba a daɗe ba sai ga jirage sun ɓullo ta ko'ina. Ga masu jan manyan jiragen kaya, ga na masunta, ga na kai baƙi yawon buɗe ido, har da waɗanda ake haya domin cin liyafa a kan ruwa. An ƙiyasta jirage wajen 150 da ma'aikata fiye da 800.

A nan ne muke so mu ɗan dakata, domin aikin ba mai sauƙi ba ne kamar yadda yake a baki. Hayaƙi ya rufe gaɓa har wani lokaci matuƙi ba ya ganin goshin jirginsa, sai da na'ura yake lalube. Ba wanda ya san ko wani hari na tafe. Katangar gaɓar ba domin saukar fasinja aka gina ta ba, akwai shingen ƙarfe, ga shi jirgin jan kaya ba shi da matakala irin ta fasinja, sai dai ya dafa katanga da goshinsa, a ɗora tsani ko katako, a riƙa miƙo mutane hannu da hannu, tsofaffi da yara da masu ciki. Da yake jiragen ba su da allon sanarwa, sai ma'aikata suka ɗauko zanen gado suka rubuta sunan inda za su da fenti, suka rataya, mai zuwa Hoboken ya san nasa, mai zuwa Brooklyn ya san nasa. Dokar yawan fasinja kuwa ran nan an kau da kai daga gare ta. Ba a tambayi kowa kuɗin fito ba, balle a tambaye shi ƙasarsa ko addininsa. In jirgi ya sauke mutane a ƙetare, inda ake wanke musu ƙura da mesa, ba ya komowa wofi, sai ya ɗauko likitoci, da ma'aikatan ceto, da ruwan sha, da kayan aiki.

Cikin sa'o'i tara ko ƙasa da haka, an ƙetarar da mutanen da aka ƙiyasta sun kai wajen 500,000. Babban jirgin fito na tsibirin Staten kaɗai ya kwashi fiye da 50,000. Masu tarihi sukan gwada wannan da abin da ya faru a Dunkirk ta ƙasar Faransa a 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, inda aka kwashe sojoji wajen 338,000 ta ruwa cikin kwana tara. Gaskiya ne, ba ɗaya suke ba, gama na Dunkirk ana yi musu ruwan bama-bamai, tekun da suka ƙetare kuma ya fi kogin Hudson faɗi nesa ba kusa ba. Duk da haka, rabin miliyan a yini guda, ba tare da wani shiri da aka rubuta tun da fari ba, abu ne da ya isa a jinjina masa.

Akwai wani jirgi da labarinsa ya fi burge mu. Sunansa John J. Harvey, jirgin 'yan kwana-kwana ne da aka ƙera a 1931. Hukuma ta sallame shi daga aiki a 1994, har ana batun sayar da shi a yanka a matsayin tsohon ƙarfe, sai waɗansu masu son kayan tarihi suka saye shi a 1999 suka gyara. Ran harin, masu shi suka tashe shi suka fara kwasar mutane kamar kowa. Sai aka kira su ana tambaya ko famfunansa na aiki har yanzu, domin faɗuwar benayen ta farfasa bututan ruwan unguwar, 'yan kwana-kwana ga wuta ga mesa amma ba ruwa. Tsohon jirgin nan ya koma gaɓa ya haɗu da 'yan'uwansa biyu da ke bakin aiki, ya yi wajen sa'o'i 80 yana zuƙo ruwa daga kogin Hudson yana turawa cikin gari. Ashe tsohuwar tukunya ma tana da ranarta.

Wannan shi ne ya haɗa masu jirgi da ranar. Sa'ad da ƙasa ta ƙi, ruwa ne ya zama hanya.

Sai batun tutoci da sunaye. Mu da muka saba kai mamacinmu makabarta, mu ga an saukar da shi, a yi addu'a, mu zuba ƙasa, da wuya mu gane irin nauyin da iyalan Niyok suka ɗauka. Wuta da nauyin benayen sun niƙe kome. Shekara fiye da ashirin bayan harin, wajen mutum 1,100 daga cikin 2,753 ba a iya tantance ko ɗan guntun jikinsu ba, ko da yake likitocin birnin ba su fasa gwajin ƙwayoyin halitta ba, lokaci lokaci kuma akan sanar da an gane wani. A shekarar 2002 babu kabari, babu kuma dutsen tunawa tukuna, sai wani ƙaton rami da aka gama kwashe ɓaraguzansa a ƙarshen watan Mayu na shekarar. Wurin tunawa na dindindin, mai tafkuna biyu a gurbin benayen da sunaye 2,983 da aka zana a kan tagulla, haɗe da mutum shida da suka rasu a harin bam na 1993, sai a 2011 aka buɗe shi. Kafin nan, abin da ya rage wa matar da mijinta ya fita aiki bai komo ba shi ne sunansa. Wanda ya rubuta wannan suna ya ɗaga shi sama inda dubbai za su gani, ba ƙaramin abu ya yi mata ba.

Sunayen kuwa ba na Amurkawa kaɗai ba ne. Mutanen ƙasashe fiye da 90 ne suka rasu. Akwai ɗan Nijeriya a cikinsu, Godwin Ajala, mutumin jihar Ebonyi, lauya ne a gida amma aikin gadi yake yi a cibiyar yana shirin jarrabawar lauyoyi ta can. Ya tsaya yana taimakon mutane su fita, ya rasu a asibiti bayan 'yan kwanaki.

Mun san akwai mai cewa jirgin filafilai kayan wasan masu hannu da shuni ne, taron kuma yawon shan iska ne da aka yi wa ado da tuta. Akwai ƙamshin gaskiya a rabin maganar. Waɗanda suka ɗauki nauyin ceton a 2001 galibinsu 'yan ƙwadago ne, masu hannu duk baƙin mai, ba masu jirgin hutun ƙarshen mako ba. Amma a ganinmu mutum da abin da ke hannunsa yake zuwa gaisuwar mutuwa. Wani ya kawo hatsi, wani itace, wani kuwa zama kawai ya zo yi. Su waɗannan jirage suke da su. Bayan harin an tsaurara tsaro a ruwan Niyok, tsoro kuma ya sa mutane da yawa suka janye daga wannan gefen gari, saboda haka komowa wurin da jirgi a cikin taro ma wata magana ce da aka faɗa ba da baki ba. Ga shi kuma jirgin filafilai in ya kama iska ba ya bukatar rurin inji, abin da ya dace da zaman makoki ke nan.

Su 'yan ƙwadagon, an daɗe ba a ba da labarinsu yadda ya kamata ba. Idon duniya yana kan benaye, ba ya kan gaɓa. Sai a 2011 aka fitar da wani gajeren fim mai suna Boatlift, wanda Tom Hanks ya yi wa sharhi, inda matuƙan suka yi magana da bakinsu. A 2017 kuma Jessica DuLong, wadda ita kanta ta yi aikin injiniya a jirgin John J. Harvey, ta wallafa littafi a kan abin da ya faru bayan ta yi hira da su.

Ikkilisiya ma tana bakin gaɓar a kwanakin nan. Wata tsohuwar ƙungiyar bishara ga ma'aikatan jirgin ruwa, Seamen's Church Institute, wadda aka kafa tun 1834, ta mai da gidanta da ke kusa wurin ciyar da ma'aikatan ceto. Majami'ar Saint Paul, ginin 1766, wadda titi kaɗai ya raba ta da cibiyar, ta tsira, ta kuma yi watanni tana zaman masauki inda masu tonon ɓaraguzai ke kwana a kan bencin sujada da takalmansu. Ƙaramar majami'ar Saint Nicholas ta Girkawa ba ta tsira ba, benen kudu ya danne ta, sai a 2022 aka keɓe sabuwar da aka gina. Akwai wata tsohuwar al'ada ta masu jirgi a ƙasashen Kirista da dama, inda jirage kan yi jerin gwano su wuce gaban limamin ikkilisiya ya sa musu albarka. Da aka cika shekara 20 da harin, a watan Satumba na 2021, irin wannan aka yi a Niyok: jiragen aiki suka yi jerin gwano a gaban kudancin Manhatan, aka yi addu'ar sa albarka, aka kuma ambaci ma'aikatan ruwan da suka amsa kira.

Ba duk waɗanda suka yi aiki a 2001 ne suka ga wannan rana ba. Ƙurar da ta lulluɓe gaɓa cike take da garin siminti, da gilashi, da sinadarai masu guba, mutane kuwa sun shaƙe ta kwana da kwanaki, da yawa ba tare da abin rufe hanci ba. Daga baya ciwon huhu da ciwon daji suka fara bayyana. Sai a watan Janairu na 2011 aka sa hannu kan dokar da ta ɗauki nauyin jinyarsu, wadda aka sa wa sunan wani ɗan sanda, James Zadroga, da ya rasu a 2006. 'Yan kwana-kwana 343 ne suka mutu ran harin. A watan Satumba na 2023 hukumarsu ta sanar cewa yawan ma'aikatanta da cutar ƙurar ta kashe daga baya shi ma ya kai 343, bai kuwa tsaya nan ba. A 2019 an keɓe wani sashe a filin tunawa domin irin waɗannan, da manyan duwatsu shida, ba a rubuta sunan kowa a kansu ba.