A Ja Layi Kafin A Sa Almakashi



Yadi kuɗi ne. In almakashi ya karkace, ba a mayarwa. Saboda haka, kafin ku yanka, ku ja layi.

Da farko ku wanke yadin auduga, domin yana tsukewa in ya sha ruwa. In ya bushe, ku goge shi. Ku shimfiɗa shi bisa tabarma, bayansa yana sama. A bayan ake yin alama.

Ku duba abin awo da kyau. Gefe ɗaya santimita ne, ɗayan inci. Inci 1 ya kai santimita 2 da rabi. Kada ku gauraya su. Atamfar da ake sayowa daga Jibiya da yadi ake auna ta. Yadi 1 santimita 91 ne, bai kai mita ba.

Ku ja layi da alli ko guntun busasshen sabulu. In yadin fari ne, ku sa fensir. Kada ku sa biro, tawadarsa ba ta fita da sauƙi.

Layi biyu za ku ja. Na ciki, nan zare zai bi. Na waje, nan almakashi zai bi. Ku bar santimita 2 tsakaninsu. Wanda ya manta wannan, rigar Sallar ɗansa za ta matse shi.

Ga aikin gida. Tsawon riga santimita 60 ne. Kun ƙara 2 a kafaɗa, 4 na kalmasa a ƙasa. Santimita nawa za ku yanka? Ku rubuta amsa, ku nuna wa malaminku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.