Zafin Bazara da Damuwar 'Yarki Mai Koyon Jinya

Uwargida, in 'yarki mai koyon aikin jinya ta dawo hutu Daura tana ta zancen canjin yanayi, har barci ya gagare ta, don Allah kada ki ce boko ne ya yi mata yawa. An koya mata cewa hayaƙin fetur da na masana'antu yana taruwa a sama, ya riƙe zafi kamar bargo. A Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Ita kuwa ta san waɗanda zafi kan fara kayarwa: mai ciki, jariri, tsohuwa, da ke da kike wuni ƙarƙashin rufin kwano. To, zaunar da ita, ta nuna miki yadda ake gane ruwa ya yi ƙaranci a jikin goyonki.