Agogon Zamani da Bugun Zuciya: Shin Sabo Ya Fi Tsoho?

Kusan kowace shekara akan fito da sabon agogon hannu mai kwamfuta, mai tsohon kuwa sai ya shiga tunanin sauyawa. To, a bayan irin wannan agogo akwai 'yar fitila mai koren haske. Jini kan shanye wannan haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini kan ƙaru a wuyan hannu, hasken da ke dawowa ya ragu. Da haka agogo ke ƙirga bugun, tsoho da sabo. Canji na gaske jefi-jefi yake zuwa, kamar a 2018 da Apple Watch ya fara auna lantarkin zuciya, abin da kan taimaki mai larurar zuciya. Ɗalibi lafiyayye kuwa, muddin batir na riƙe caji, tsohon ya wadatar.