Bayani Kan Na'ana'a, Abin Da Ke Cikin Ganyenta Da Yadda Cinikinta Yake

Wanga karo mun aje zancen gero da dawa gefe guda, za mu yi magana kan ɗan ganyen da ba a auna shi da tiya, ba a ɗura shi buhu, watau na'ana'a. Masu shayi na biɗarta, mata masu zoɓo na biɗarta, balle in azumi ya kama. Kuma akwai maganar da ke yawo cewa tana ƙara jini, har wani ya saya wa matarsa mai ciki da wannan niyya. To maganar da gaskiya cikinta, amma rabi ce, kuma rabin da anka bari shi ne mai muhimmanci.

Farko a san ta. Sunan daga Larabci munka same shi, kuma irin da munka saba gani shi ne wanda mutanen Maroko ke cusawa cikin butar shayi, wanda Buzaye ma ke so in sun samu. Akwai wani iri mai sanyin da ke hawa hanci, daga danginsa ake tatso man da ke cikin alewar tari da man goge haƙori, kuma Indiya ta fi kowa nomansa, can jihar Uttar Pradesh. Kada a haɗa ta da ɗoɗɗoya. Dangi ne, amma ɗoɗɗoya tsaye take tashi ta yi iri, ita ko na'ana'a rarrafe take, jijiyarta na bin ƙarƙashin ƙasa tana hudowa gaba.

Ga abin da ma'aikatar noma ta Amurka ta auna cikin giram 100 na ɗanyen ganye. Ruwa kusan giram 86. Sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, kusan miligiram 12. Kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi miligiram 199. Bitamin C miligiram 13, da bitamin A mai taimakon ido gwargwado mai kyau. Ɗanyen zogale giram 100 ƙarfensa miligiram 4 ne, ka ga bisa takarda na'ana'a ta ninka shi kusan sau 3. Daga nan maganar ƙara jini ta samo tushe.

Amma mu 'yan hatsi mun san farashin buhu daban, abin da ke shiga tukunya daban. Wa ya taɓa zama ya cinye giram 100 na na'ana'a? Ƙullin da ake jefawa buta in ya yi nauyi giram 10 ne, ƙarfensa miligiram 1 da ɗan ɗori, alhali mai ciki ana son ta samu miligiram 27 kullum, macen da ba ta da ciki 18. Sa'an nan in an sha shayi ganyen zubar da shi ake yi. Bitamin A ba ya narkewa cikin ruwa, sai da mai, ya tahi da ganyen bola. Bitamin C kuwa tafasa na rage shi. Zogale da kwano ake cinsa, shi ya sa a ƙarshen lissafi shi ke da riba.

Akwai wadda ta fi wannan. Ganyen shayi na da wani abu mai ɗauri a baki, shina kama ƙarfen da ke cikin abinci ya hana hanji ɗaukarsa. Wani bincike da anka buga a 1999 ya nuna wanda ya ci burodi ya kora da baƙin shayi, ƙarfen da jikinsa ya ɗauka ya ragu da kashi 79 zuwa 94 cikin 100, kuma ruwan dafaffen irin nan mai sanyin hanci shi kaɗai ya rage kashi 84. Ke nan wanda ya ba mai ciki shayin na'ana'a bisa tuwo don jininta ya ƙaru, ya yi awo da tiya mai huda. Ba ƙaramar magana ba ce gare mu, don ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta ishe kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kashi 68. A bar tsakanin abinci da shayi kamar awa 1 ko 2, kuma ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki kada a haɗiye ta da shayi, kada a bar ta don na'ana'a.

Mai son amfanin ganyen sai ya ci ganyen. A wanke shi sarai da ruwa mai tsabta, tun da ɗanye za a ci kuma ba kowane ruwan bayi ne abin yarda ba. A yayyanka cikin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir, a matsa lemun tsami, don tsamin na taimakon jiki ɗaukar ƙarfe, man ƙulin kuma na ɗauko bitamin A. Cikin dambu ko miya sai an sauke tukunya a barbaɗa. Wajen kumburin ciki bayan cin wake tana saukar da iska, wannan sananne ne. Amma mai ƙwannafi ya yi hankali, tana iya tada mai shi. Man nan nata mai ƙarfi na kwalba kuwa ba a shafa wa jariri shi ga hanci ko fuska.

Sai ciniki. Kayan da kusan duka ruwa ne ba kayan ajiya ba ne. Hatsi in kasuwa ta ƙi ka mai da shi rumbu, na'ana'a in rana ta take ta sunkuyar da kai, gobe sai kyauta. Mai sarinta ya tsinka da asuba, ya naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ɗauki abin da zai ƙare ranar kawai. Wanda zai kai ta Shinkafi ran Alhamis ya tuna hanyar ba kullum take sakin mutum da wuri ba. In ta yi kwantai a shanya ta inuwa, ban da rana, don rana na kwashe ƙamshin da korenta. Kuma a riƙe wanga lissafi: kilo 10 ɗanye ba ya ba da kilo 2 busasshe. Wanda ya sayar da busasshiya bai ninka kuɗin kilo sau 6 ba, aikin banza ya yi. Mai saye kuma ya murza ya sansana, don busasshen ganye duk kamarsa ɗaya.

Abin da ya sa munka ga ya kamata a kula da ita shi ne halin da ƙasarmu ta shiga tun wajen 2019. Mutane da yawa sun bar fadamunsu na bakin gulbin Rima da Bunsuru saboda 'yan bindiga, iyaka kuma an rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufewa 2023 zuwa 2024, kayan lambun da ke ratsowa ta wajen Maraɗi sunka yi wuyar samu. Na'ana'a ba ta biɗar gona. Reshe guda mai tsawon yatsa in an tsoma shi ruwa, cikin kwana 7 zuwa 14 ya yi saiwa. A dasa cikin tsohon baho ko fasasshiyar randa kusa da inda ake wanke hannu, wurin da ke samun inuwa da rana tsaka, a sa ɗan ruɓaɓɓen taki. Kada a sake ta cikin fangalin albasa, mamaye shi za ta yi. A riƙa yanke kanta, ban da tugewa, kowane yanka rassa 2 take fitarwa. Mace da ke cikin gida da baho 3 ko 4 tana iya riƙe mai shayi guda na bakin tasha, ta samu na gishiri da sabulu, ba ta taka daji ba.

Farashin gero da dawa da wake shina bayan takarda kamar kullum.