Idan Ka Ji Ƙauri, Kwayil Ya Mutu

Sigarin lantarki, wanda samari ke kira bef, ya shigo har cikin ganuwar Zariya. Ko a unguwarmu ta Kwarbai ina ganinsa a hannun abokai. Tunda lantarki nake karantawa, bari in faɗi abin da ke cikinsa.

Kwayil wata siririyar waya ce, sau da yawa ta nikel da kuromiyom, haɗe da auduga. Batir ya zafafa wayar, auduga ta tsotso ruwa, ruwan ya zama tururi. A hankali zaƙin ruwan yakan daskare a jikin wayar kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi ya sa mai yawan zuƙa sati 1 zuwa 2 kwayil ke yi masa.

Alamun mutuwarsa ba sa ɓuya: ƙauri a baki, kartar maƙogwaro, tururi ya ragu ko da batir a cike, yoyo, ko ruwan ya yi duhu.

Kar ka ce bari a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Kwayil da ya ƙone yana fitar da fomaldihaid, sinadarin da ake adana gawa da shi, kuma huhunka zai shiga. In ka sa sabo, ɗiga wa audugar ruwa, ka jira minti 10 ta jiƙu.

Amma fa, 'yan uwa, sabon kwayil ba ya cire nikotin. Wanda bai fara ba ya riƙe kuɗinsa, furojet na tafe.