Motar Tsere Ƙirar Gida: Ina Ake Dubawa Kafin a Hau Titi?

A 2007 aka baje samfurin Chevrolet Volt a birnin Ditiroyit na Amurka, kuma wanda ya zana siffarta Jelani Aliyu ne, ɗan asalin Dogondaji a ƙaramar hukumar Tambuwal. A Nuwamban 2019 kuma Jerry Mallo daga Filato ya nuna tasa motar tseren, Bennie Purrie, a Abuja. Don haka ba abin mamaki ba ne mai walda a Tambuwal ko Kebbe ya tara fayif da tsohon inji daga 'yan gwangwan, ya ce shi ma sai ya ƙera tasa. Ranar da ta tashi za a yi tafi, a watsa bidiyo a Facebook. Bayan wata shida babu mai tambayar halin da take ciki.

Ita Volt sai ƙarshen 2010 ta shiga kasuwa, bayan shekaru ana gwaji ana gyara. A Ingila, inda a 1957 aka fara sayar da Lotus Seven gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa a garejinsa, har yau ba a ba motar haɗin gida lamba sai hukuma ta bincike ta ciki da waje. Mai ƙira a nan ba shi da kamfani a bayansa, ba shi da littafin da zai ce masa ga lokacin sauya kaza. Shi ne maƙeri, shi ne mai gwaji.

Walda ce wurin fara dubawa, kuma a ganina nan ne aka fi sakaci. Idan wutar janareta ta yi rauni, waldar kan zauna a bisa ƙarfen ba ta ratsa shi ba; ido zai ga ta yi kyau, gargadar hanyar burji ce za ta tona asirinta. Tsagewa na farawa ne daga gefen walda, musamman inda inji ya zauna, da inda shokozoba da sitiyari suka kama shasi. A wanke ƙarƙashin motar duk mako, a ɗaga ta, a tokare da abu mai ƙarfi (kada a shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita), a bi gaɓoɓin da tocila. Siririn layin tsatsa mai ja-ja a jikin fenti tsagewa ce. Ba a shafe ta da fenti, ba a ɗora sabuwar walda a kanta. Sai an goge har tushe a sake. Tayarod da ya lanƙwashe ko ya karye kuwa sauya shi ake yi.

Noti ma yana da dabara. Bayan an ɗaure shi tamau, a ja layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen. Ranar da layin ya rabu, notin ya motsa, ba sai an bi kowanne da sifana ba. A wuraren da ke ɗaukar nauyi a nemi ƙusar da aka buga 8.8 ko 10.9 a kanta.

Sai birki. Motar haɗe-haɗe kan samu na gaba daga wata mota, na baya daga wata, ga ta ba nauyi. Idan tayoyin baya suka riga na gaba cijewa, motar juyawa za ta yi ta fuskanci inda ta fito. A gwada a fili inda ba mutane ba dabbobi, a fara da gudu kaɗan. Ja gefe guda matsala ce. Birkin da ke lotsawa a ƙarƙashin ƙafa kuma iska ce ta shiga ko mai na yoyo. Man birki na zuƙar danshi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2, kuma ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa don su lallaɓa ganganci ne tsagwaronsa. A murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a ga ko tiyon birki na gogar taya.

Tiyon ruwa ba ya jure fetur, jarka ba tanki ba ce, kuma duk hanyar mai ta yi nesa da salansa. Kowace waya da fiyus ɗinta, batir a ɗaure, tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai.

Ƙasarmu na da nata sharaɗin. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga hancin motar tsere matsattse, iska ba ta isar lagireto sosai. A duba ruwa da fambel kowace safiya kafin a tayar. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska da wuri. Motar kuma a ƙasa take, kowane tudun rage gudu na iya fasa mata tukunyar baƙin mai, gara a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashi. A jikin taya akwai lamba huɗu: 2322 na nufin mako na 23 a 2022, kuma hukumar kiyaye haɗurra shekara 4 take ba taya daga ranar ƙira. Yawancin tayoyin kwatano sun wuce haka kafin su iso. Iskar da mai faci ya saba bugawa motar haya ta yi wa mota maras nauyi yawa, sai ta riƙa tsalle ta kasa kama kwalta.

A ajiye littafi a rubuta kowane kaya da motar da aka ciro shi da ranar da aka sa, don duk bakaniken da zai taɓa ta ya san me zai nema a kasuwa. Kafin a hau titin Sakkwato zuwa Jega, inda ake gogayya da tireloli da garken shanu, a kai ta wurin jami'an VIO su duba, a yi mata lamba da inshora. A irin wannan titi kilomita 80 a awa doka ta yarda wa ƙaramar mota, ko da injinta zai iya ninka haka.